Agogon Auta a Hannun Siririya

Su shida ne a gidan, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo. Uban direban babbar mota ne, yana fita da sassafe ya dawo bayan faɗuwar rana. Uwar tela ce, tana da kekenta a wani shagon ɗinki da ke bakin titi. Akwai kaka, mahaifiyar uban, wadda gwiwoyinta suka daina shiri da matakala. Akwai babban ɗansu mai shekara goma sha bakwai, wanda uban ya laƙaba wa Injiniya tun kafin ya iya ɗaura wa kansa wando. Sai yarinyar da ake kira Siririya, shekararta goma sha ɗaya, da kuma Auta mai shekara shida.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da gidan ya rasa barcin mutum ɗaya ne, kuma kowane dare sai an sami wanda zai ba da nasa.

An haifi Auta da lalurar da ta shafi girman ƙwaƙwalwa. Ba ya magana, ba ya son a taɓa shi ba zato, kuma jikinsa bai bambanta dare da rana ba. Yakan kwanta tare da kowa, amma bayan sa'a biyu sai ya tashi garau kamar gari ya waye. Ba mugunta yake yi ba. Famfo yake so ya buɗe ya kalli ruwa, ko ya murɗa makunnin murhun gas don ya ji ƙararsa, ko ya hau kujera ya leƙa taga. Sau ɗaya an tsince shi a ƙasan matakala ba takalmi. Sai gab da asuba barci yake kwashe shi, ya yi ta yi har rana ta take tsaka.

Da farko uwar ce ke zama da shi. Ranar da allurar keke ta huda mata ɗan yatsa saboda gyangyaɗi, sai aka ce Siririya ta karɓe ta na kwana biyu, kafin yatsan ya warke. Yatsan ya warke tun bara. Tabarmar Siririya kuwa ba ta bar bakin ƙofar falo ba, da tocila a gefenta da mabuɗin ƙofa rataye a wuyanta.

Kowa yana da dalilinsa, kuma babu dalilin da ba shi da ƙanshin gaskiya. Uban ya ce direban da bai yi barci ba makashi ne, ba ransa kaɗai yake ɗauke da shi a kan hanya ba. Uwar ta ce idan ta lalata wa mutane yadi, waye zai sake kawo mata ɗinki. Injiniya yana da babbar jarrabawa a gaba, kuma uban ya hana ko tari a yi kusa da ɗakinsa. Kaka kuwa ta ce ita ta yi nata rainon tun duniya na kwance, kuma ai ita ke tare da yaron da rana. Wannan gaskiya ne. Tana tare da shi yana barci, ita kuma tana sauraron rediyo.

Idan maganar ta taso, kaka takan rufe ta da cewa, "Yaro da barci? Ko a tsaye ya runtsa ya ishe shi. Kuma ai ita kaɗai yake yarda da ita."

Wannan ma gaskiya ne. Siririya ta san yadda ake juya Auta daga murhu ba tare da ya yi kururuwa ba. Takan cika masa roba da ruwa ta ba shi cokali, ta zauna ta jingina da ƙofa tana kallonsa har ya gaji. Tana son ƙanenta, kuma ba ta taɓa ganin laifinsa ba.

A makaranta abin ya fara nunawa. Yarinyar da take cikin uku na farko ta koma tsakiya, daga tsakiya ta gangara. Rubutunta yakan fara a kan layi, sai ya sauka a karkace ya ƙare da dogon zane inda biro ya zame. 'Yan ajinsu suka sa mata Uwar Gyangyaɗi. Idan malama ta yi tambaya ba wanda ya amsa, sai wani ya ce a tambayi Uwar Gyangyaɗi, wataƙila ta gani a mafarki, aji ya fashe da dariya. Ita ma takan yi murmushi, don ba ta da ƙarfin fushi. Ta fara mantuwa. Wata rana ta zo da takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na uwarta. Ciwon kai ya zama abokin tafiyarta, kuma takan fashe da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar ɓatan abin goge fensir.

Malamar ajinsu ba ta dukan ta. Ta mayar da ita kujerar gaba kusa da taga, ta aika wa iyayen takarda sau biyu. Amsar da ta dawo ita ce yarinyar ce da son jiki, a riƙa tsawata mata.

Ana cikin haka aka sanar da uwar, a asibitin da ake duba Auta, cewa wasu likitoci suna bincike kan barcin yara masu irin lalurarsa, kuma suna neman iyayen da za su yarda a sa 'ya'yansu. Uwar ta yarda nan take, uban kuma ya sa hannu a takarda. Aka ba su wani ɗan agogo baƙi mai madaurin roba. Ba shi da hannu, ba shi da lamba, ba ya nuna lokaci. Likitar da ke jagorantar binciken ta bayyana musu cewa aikinsa shi ne ya riƙa lura da motsin wanda ya ɗaura shi, dare da rana, har mako biyu. Idan an dawo da shi za a haɗa shi da kwamfuta, a ga lokacin da yaron ya yi barci da lokacin da ya farka, sannan a san irin taimakon da ya dace da shi. Ta kuma ba uwar takarda mai layi-layi ta riƙa rubuta abin da ta gani da idonta.

Auta bai yarda da agogon ba. Da aka ɗaura masa ya yi ta kururuwa yana cizon madaurin, har ya ji wa hannunsa ciwo. Aka cire, aka sake gwadawa washegari, ya buga kansa da bango. Uwar ta ce a mayar musu da abinsu a faɗa musu gaskiya. Uban ya ce ba zai sa hannu a takarda ba sannan ya koma ya ce ɗansa ya fi ƙarfinsa. Ya juya agogon a tafin hannunsa yana tunani, can sai ya kira Siririya.

"Kawo hannunki."

Ta miƙa. Ya ɗaura mata, sai da ya kai ramin ƙarshe na madaurin kafin ya zauna.

Uwar ta ce, "Baban Injiniya, wannan ai ba daidai ba ne."

"Mene ne ba daidai ba? Idan ya farka ta farka, idan ya kwanta ta kwanta. Duk kanwar ja ce. Agogo ya san hannun wa yake kai?"

Kaka ta yi dariya ta ce ai ya ma fi yi mata kyau. Uwar ta ɗauki takardarta.

Siririya ta yi murna da agogon, domin ba a taɓa ɗaura mata wani abu a hannu ba. A aji aka yi ta tambayarta ƙarfe nawa, ana dariya, ita kuma tana rufe shi da hannun riga. Ta kiyaye shi kamar ƙwai. Ko wanke-wanke za ta yi sai ta ɗaure shi da leda.

A cikin mako na biyu, ran Laraba, tana saukowa daga bene da jakar makaranta idonta ya rufe a kan matakala. Ba ta san ta faɗi ba sai da ta ji haɓarta a kan siminti. Mai shagon da ke ƙasa ya ɗaga ta ya danna mata ƙyalle a wurin. Abin da ta fara dubawa agogon ne, ko ya fashe. Da malama ta ga filasta a haɓarta, ta bari aka tashi daga makaranta, ta bi ta har shagon ɗinki.

Uwar ta karɓe ta da mutunci, ta share mata kujera. Malama ta yi magana a hankali. Ta ce yarinyar nan ba raguwa ba ce, ta san ta tun tana aji uku, kuma jarrabawar shiga sakandare saura wata huɗu. Ta tambaya ko akwai abin da ke hana ta barci a gida. Uwar ta ci gaba da warware wani ɗinki da reza, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce suna kan neman magani, an ma sa yaron a bincike, da zarar ya daidaita kowa zai huta. Malama ta tambaya, kafin ya daidaita fa, ba za a iya raba daren ba, ko da kwana biyu ne a mako? Uwar ta ce za ta gaya wa babansu. Ba ta gaya masa ba, don ta riga ta san amsar.

Ranar mayar da agogo ta faɗo ranar Asabar. Aka tafi da Siririya saboda ita kaɗai ke iya riƙe Auta a cikin mota. A bakin ƙofar asibiti uban ya kwance agogon daga hannunta ya sa a aljihu.

Ɗakin likitar ƙarami ne, da tebur ɗaya da kwamfuta da akwatin kayan wasa a kusurwa. Auta ya tafi wurin famfon wanke hannu, Siririya ta bi shi ta tsaya a bayansa. Likitar ta haɗa agogon da kwamfuta, ta ɗauki takardar uwar ta ajiye a gefe. Ta daɗe tana duban allon, tana duban takardar. Sannan ta juya allon yadda iyayen za su gani. Layuka goma sha huɗu ne, kowane layi kwana ɗaya. Inda aka yi motsi ya yi baƙi, inda aka yi barci ya yi fari.

Ta ce daren ya yi daidai da abin da uwar ta rubuta: barcin sa'a biyu, farkawa, sannan wani ɗan barci gab da asuba. Amma a takarda an rubuta cewa yaron yana ramawa har tsakar rana, a agogo kuwa ƙarfe shida da rabi an tashi, kuma ba a sake kwanciya ba. Ta nuna wasu ƙananan fararen ɗigo a tsakiyar baƙin. Ta ce waɗannan minti biyar ne, minti bakwai, wajen ƙarfe goma na safe, daga Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi babu su.

"Auta yana zuwa makaranta ne?"

Uban ya ce a'a. Ya ƙara da cewa wataƙila agogon ne ya sami matsala, ai kayan zamani ba su da tabbas.

Likitar ba ta yi gardama ba. Ta kalli hannun Auta da ke cikin ruwa, ta kalli hannun yarinyar da ke riƙe da rigarsa. A wuyan hannun akwai zoben fata da ya fi sauran haske, da sawun ramin madauri. Ta kalli filastar haɓarta.

"'Yata, zo nan. Shekararki nawa?"

"Sha ɗaya."

"Ke kike zama da shi da dare?"

Siririya ta kalli ubanta. Wannan kallon ya isa amsa.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa iyayen ba ta kira su don ta kunyata su ba, ta san rainon yaro irin Auta yana cinye gida, kuma ba su ne na farko da ta gani ba. Amma ta ce abin da ke kan allon nan ba za ta iya sa shi a binciken ba, domin ba barcin Auta ba ne, kuma da ta yarda da shi da ta tsara wa yaron abin da bai dace da shi ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan allon.

"Wannan barcin 'yarku ne. Sa'a uku da 'yan mintuna a kwana, mako biyu a jere. Yarinya mai shekarunta tana bukatar sa'a tara ko fiye. Ban san tun yaushe take haka ba, ku kuka sani. Yau matakala ce, gobe titi ne. Dole yarinyar nan ta yi barci."

Ta yi musu bayanin abin da za a gwada. A riƙa tada Auta da safe a lokaci ɗaya kullum, ko da daren bai yi barci ba. A buɗe labule, a sauko da shi ya ga hasken rana, kada a bar shi ya kwashe yini yana barci. Ta gargaɗe su cewa makonnin farko za su yi wuya, zai yi rigima, kuma dole babban mutum ya tsaya a kansa da rana. A sa wa murhu da famfo da ƙofa makulli. Daren kuwa manya su raba shi a tsakaninsu. Game da agogon, ta ce za a iya ɗinka masa ɗan aljihu a jikin riga tunda ba ya son abu a hannu, kuma ga tela a gida. Idan an yi haka aka ga yadda barcinsa yake da gaske, sai a duba ko yana bukatar magani.

Uban ya yi godiya sosai. Ya ce Allah ya saka, sun ji, kuma za su gyara.

A mota Siririya ta zauna kusa da taga da Auta a cinyarta. Zuciyarta ta yi sauƙi kamar an sauke mata tulu. Ta ɗauka dama ba su sani ba ne. Ai su barci suke yi a lokacin, yaya za a yi su sani? Yanzu kuwa an nuna musu baƙi da fari.

Da yamma aka zauna a falo. Uban ya maimaita abin da likitar ta ce, bai rage komai ba. Kaka ce ta fara. Ta ce wato ita za a bar wa yaro ido biyu tun safe har yamma, yana kururuwa, da waɗannan gwiwoyin? Kuma wa zai sauka da shi bene ya sha rana? Ta ce wadda ta faɗi haka ba ta taɓa yini da shi ba, magana ba ta da nauyi a bakin mai faɗa. Uwar ta ce ita za ta iya ɗaukar dare biyu. Uban ya tuna mata yatsanta, ya tuna mata cewa lokacin ɗinkin kayan makaranta ya kusa. Uwar ta ce to Injiniya fa, ko daren Juma'a kaɗai? Injiniya ya ɗago daga littafinsa ya ce shi ba ya ƙi, amma yaron ba ya jin maganarsa, kuma idan ya faɗi jarrabawa kada a ce da shi komai. Uban ya ce a bar Injiniya daga wannan zance. Nasa uzurin kuwa ba wanda ya nemi ya maimaita.

Ana jin ƙarar cokalin Auta a cikin roba.

Can uban ya gyara zama, fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya gano hanya a cikin cunkoso.

"Likita ta ce dole ta yi barci, kuma gaskiya ta faɗa. Ni ba zan zuba ido 'yata ta faɗi a titi ba. To ai ga barci nan a gida, daga asuba har azahar, ana asararsa. Idan ya kwanta ta kwanta. Makarantar ce ke hana ta."

Uwar ta ce, "Saura wata huɗu jarrabawarta."

"Jarrabawar da take gyangyaɗi a kanta? Ta huta bana. Baɗi in yaron ya daidaita sai ta koma, makaranta ba guduwa za ta yi ba. Lafiya ai ita ce gaba."

Kaka ta ce wannan ita ce maganar hankali, ga shi ita ma ta sami mai miƙo mata ruwa. Injiniya ya koma kan littafinsa. Uwar ta kalli 'yarta, ta tashi ta shiga kicin. Ba wanda ya tambayi yadda yaron zai daidaita alhali ba a canza komai a kwanansa ba. Ba a ɗinka aljihun ba, ba a koma asibitin ba. Da aka kira daga wurin binciken, uban ya ce sun gode, sun sami mafita a gida.

Malama ta zo ran Alhamis, bayan kujerar gaba ta yi kwana huɗu ba kowa. Ta hau benen da ƙarfe biyu, ta tarar da yarinyar ta tashi ke nan, tana naɗe tabarma. Kaka ta tare ta da fara'a, ta ce ta duba da kyau, ba ta ga idon ya washe ba? Gaskiya ne, ya washe. Malama ta roƙa, ta ce za ta riƙa zuwa da yamma tana yi mata bita kyauta, a dai bar sunanta a cikin masu jarrabawa. Kaka ta ce sai babansu ya dawo. Malama ta dawo sau biyu, ba ta same shi ba. A zuwa na uku ta bar wa yarinyar littafin lissafi da biro biyu.

Siririya ta raka ta har bakin matakala. Malama ta dafa kafaɗarta ta ce ta yi haƙuri, wataƙila iyayenta ba su fahimci abin da likitar take nufi ba.

Yarinyar ta shafa wuyan hannunta, inda sawun madaurin ya kusa ɓacewa.

"Sun fahimta, Malama. Baba ya maimaita shi duka, bai manta ko kalma ɗaya ba."

Ta koma ciki ta duba batirin tocila, domin wanda ke ciki ya fara rauni. A shekara goma sha ɗaya ta gane cewa ba rashin sani ne ya ajiye ta a bakin ƙofar nan ba. Kowa a gidan ya san nawa daren yake ci, kuma sun zauna sun duba, sun ga ita ce wadda za a iya ɗauka daga gare ta ba tare da wani ya rasa komai ba.